Bindigar da ke Cikin Kwallar Hajja

Duk wanda ya taɓa ratsa layin 'yan kayan wasa a kasuwar Haɗejiya ya ga Nu'uman Zarami, ko bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai furfura a gefen kunne, wanda kullum akwai tumatur ɗaya a aljihun rigarsa, kamar wanda aka aika cefane ya manta da sauran kayan miyar. 'Yan kasuwa Wanzami suke ce masa, alhali bai taɓa riƙe aska ba. Bindigogin wasan yara yake yi wa kaciya.

Asalin sana'arsa gyaran rediyo ce da tocila. Shekara goma sha bakwai ya yi a gaban wani ɗan tebur mai ƙafa uku da bulo, yana duƙe da sukundireba a hannu, har wayar hannu ta zo ta haɗiye rediyo da tocilar gaba ɗaya, ta bar shi yana korar ƙuda. Ana cikin haka, wata shekara ana saura kwana goma ƙaramar salla, wani mai sayar da kayan wasa ya dire masa kwali guda na bindigogin roba da ya saro daga Kano. Ya ce duk sun ƙi harbi, ya duba masa ko Allah zai sa a dace. Irin bindigar nan ce mai harba faifai. Ba ta wuce taƙi ɗaya da rabi ba, a samanta akwai ɗan bututu da ake jera ƙananan faya-fayai masu faɗin murfin kwalbar lemo. In aka ja kunama sai sifirin ɗin da ke ciki ya tunkuɗo ɗaya, ya fita yana juyi a iska. Nu'uman ya kwance guda, ya ga ashe wani ɗan tsinin roba ne yake tare hanya. Kafin la'asar ya kankare su duka, kwalin kuwa bai kai jajibere ba ya ƙare.

Daga nan abin ya zama aiki. Duk wanda zai saro sabon samfuri sai ya fara kawo masa ɗaya ya gwada, shi kuma ya yi bayani a saƙon murya ya tura musu, su yi ta tura wa juna har garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Kuma ba ya rufa-rufa. "Koriyar nan mai kan kada kyan ɗan maciji ce," in ji shi a wani saƙon. "Faifai goma sha biyu take ɗauka, amma na bakwai kullum sai ya maƙale. Shuɗiyar kuwa tana da ƙwari, sai dai harbinta karkacewa yake, in ka auna Miga sai ta nufi Guri. Mai batir ɗin nan kada wanda ya saro ta, kwana biyu za ta yi ta koma abin danne tabarma." 'Yan kasuwa su yi ta dariya, amma ba mai ƙetare maganarsa.

Sai dai ba maƙalewa ko karkacewa ne suka fi damun Nu'uman ba. Kowace bindiga, bayan ya gama duba jikinta, sai ya ciro tumatur ɗin nan nunanne ya ɗora a kan bulo, ya ƙirga taku bakwai da baya, ya auna ya harba. In faifan ya doki tumatur ya faɗi ba tabo, ta ci jarrabawa. In fatar ta tsage ko da kamar silin gashi, to sai kaciya. Ya buɗe cikinta, ya sa filaya ya datse zobe biyu ko uku daga sifirin ɗin, ya bi bakin faya-fayan da samfefa har sai sun yi santsi. Masu kaya suna ƙorafi, wai yara mai ƙarfi suke so, wai yana kashe musu kasuwa. Amsarsa guda ce, bai taɓa ƙara mata ko kalma ba: "Abin da ya fasa tumatur zai fasa ido."

'Yan kasuwa sun ɗauka tsirfa ce irin ta masu gyara. Ba su san wanda maciji ya sara ba ne, shi ya sa yake gudun tsumma.

Yana da shekara goma sha ɗaya, a gonarsu ta rani da ke bakin kogi, ya auna wata kurciya da danƙo. Bai san ƙaninsa Auta, ɗan shekara shida, yana tsugune a bayan kabar da kurciyar ta sauka ba. Dutsen ya fita, Auta ya miƙe, idonsa na hagu ya tafi a ranar. Nu'uman ya gudu ya ɓuya a cikin duhuwar kaba har rana ta yi ja, yana jin ana kiran sunansa ya kasa amsawa. Da aka kamo shi, mahaifinsu bai dake shi ba, da ma dukan ya yi da ya fi sauƙi. Tara gidan ya yi ya ce ƙaddara ce, kuma duk wanda ya ƙara tayar da maganar bai yafe ba. Mahaifin ya rasu, umarninsa bai rasu ba. Shekara talatin da uku ke nan ba wanda ya ƙara ambaton ido a gidan in 'yan'uwan biyu suna zaune, ko ciwon ido yaro ya yi sai a ce fuskarsa ce ba lafiya.

Auta ya girma ya koma wani ƙauye a bayan Guri, yana su yana noman shinkafa. Mutum ne mai fara'a, bai taɓa nuna wa yayansa ko a fuska ba, kuma wannan ne ya fi ci wa Nu'uman rai. Duk sanda suka haɗu, a tabarma ne ko a mota ko a sahun salla, sai Nu'uman ya zagaya ya zauna a hagun Auta, ɓangaren mataccen idon. Dangi suna yaba masa, suna cewa yana tsare wa ƙaninsa gefen da ba ya gani. Ba haka ba ne. Lafiyayyen idon ne ba ya iya jure wa ya kalle shi.

To, mutumin da ya yi shekara tara yana rage wa bindigogi ƙarfi, yaya aka yi ya ƙara wa wasu? Tsuntsaye ne suka ja. A damunar nan jan-baki suka sauko wa fadama daidai lokacin da shinkafa ta fitar da kai. Wani manomi daga Miga, Misbahu, ya zo har teburinsa muryarsa a dishe saboda ihun kora. Ya ce sun buga gwangwani, sun ɗaura ledoji, tsuntsayen har sun saba, kan ledar ma suke sauka. Ya ce ko Wanzami zai ƙera masa bindigar da za ta jefa faifai can tsakiyar gona inda jifan hannu ba ya kaiwa? Sau biyu Nu'uman yana cewa a'a. Amma mai sana'a in aka kawo masa abin da ba a taɓa yi ba, hannunsa ƙaiƙayi yake yi, kuma a zuwa na uku ya ce a ba shi mako ɗaya.

Shuɗayen nan masu ƙwari ya zaɓa, guda uku. Ya zare musu sifirin ya sa na tsohuwar lema, irin wadda ake danna wa ta buɗe da kanta. Ya ɗaure cikinsu da waya don kada robar ta tsage. Faya-fayan kuwa daga jikin baƙar jarka ya yanko su, ya huda kowanne sau uku da ƙusa mai zafi, yadda in ya tashi zai riƙa kuka kamar usur. Ranar gwaji ya kori kowa daga tsakar gida, ya ɗora tumatur, ya ƙirga taku bakwai. Faifan ya ratsa tumatur ɗin ya wuce, ya doki ƙyauren langa-langa ya bar masa lotsa. Nu'uman ya ji daɗi, gaskiya ya ji daɗi, na ɗan lokacin da mutum zai haɗiye yawu. Sai kuma ya dubi ruwan tumatur yana gangarowa a jikin bulo. Ya samo jan zare ya nannaɗe wa kowacce a mariƙi, alamar ba ta yara ba ce.

Saura wurin ɓoyo kafin Misbahu ya zo. 'Ya'yansa biyar, ga na maƙwabta, duk sun mai da ɗakinsa kasuwa, ba akwati ko ƙarƙashin gadon da ba su sani ba. Wuri ɗaya ne tak a gidan da ba yaron da ya isa ya kai hannu, shi ne jeren kwanukan mahaifiyarsa, Hajja Kolo. Tsohuwa ce da iyayenta suka taso daga bakin Tafkin Chadi, mai kyauta ce ta gaske, amma mai saurin hannu ce ga duk jikan da ya taɓa mata kwano. A can saman jeren akwai wata babbar kwalla mai zanen furanni tun ta aurenta. Nan ya kai su, da ledar faya-fayan.

"Mene ne wannan kuma, Abba?" Haka take kiransa, don ɗan fari ne kuma sunan surukinta ya ci.

Ga wurin da ya kamata ya yi magana. Kalma huɗu ce: za su fasa ido. Ta zo har bakinsa, ya dubi fuskar uwarsa, ta koma. "Ajiya ce, Hajja," ya ce. "Jibi mai su zai zo."

An gudu ba a tsira ba. Ya manta, ko kuwa fargaba ce ta mantar da shi, cewa kwallar nan ita ce inda Hajja ke tara abin sallamar baƙi: sabulu, turaren wuta, ɗan yadi, alawa. A wajenta baƙo bai taɓa fita hannu rabbana ba.

A ranar matar Auta, Halimatus Sa'adiya, ta zo gari sayayya, ta kwana a ɗakin Hajja, washegari da hantsi ta kama hanya. Nu'uman ya gaisa da ita da safe, ya ba da saƙon gaisuwa ga ƙaninsa, ya tafi kasuwa ba tare da komai ya ɗarsu a ransa ba. Da azahar Misbahu ya bugo waya ya ce ba zai iya jira har gobe ba, tsuntsaye sun kusa gamawa da shi, ga shi nan tafe. Nu'uman ya dawo gida, ya yi sallama ɗakin Hajja, ya sauko da kwalla. Bindiga biyu ya gani. Ya ɗaga yadin, ya ɗaga sabulun, ya sake ƙirgawa kamar biyu za ta zama uku. Ledar faya-fayan ma an rage ta.

"Au, ɗayar kake nema?" in ji Hajja daga kan dardumarta, carbi a hannu. "Na ba matar Auta ta kai wa 'yarta Umaima. Yarinya kullum tana cewa Baffanta mai bindigogi bai taɓa ba ta ko ɗaya ba. Na ga har ado ka yi musu da jan zare. Ka ba mai su wata, ai kana da su cike da kwali."

"Hajja, waɗannan ba na yara ba ne."

"Kai, tafi can. Bindigar da ta fito daga hannunka ko ƙuda ba ta kashewa, duk garin nan an sani." Ta ɗago tana murmushi, sai ta ga fuskarsa. Carbin ya tsaya. Ta ce a hankali, "Tumatur fa?"

Ashe ta sani. Duk shekarun nan ta san abin da tumatur ɗin yake nufi, ba ta taɓa cewa komai ba.

"Ratsa shi ta yi ta wuce," ya ce.

"Innalillahi." Ta dafa ƙasa da hannu biyu kamar ɗakin ne yake juyawa. "Umaima da ɗan ƙaninta kullum suna tare. Me kake jira? Tafi!"

Ya bar wa matarsa sauran bindigogin biyu ta ba Misbahu hannu da hannu, ya fita yana danna waya. Ta Auta a kashe. Ta Halima ba ta shiga, don ƙauyen sai an hau wani tudu a bayan masallaci ake samun sabis. Ya kira, ya sake kira, yana tafe yana tuntuɓe. Lissafi ɗaya ne ya riƙe shi a tsaye. Halima ta riga ta isa, wannan ba makawa. Amma mace ce mai tsari, ba ta kwance tsaraba sai maigida ya dawo ya sa mata albarka, Auta kuwa ba ya barin gona sai bayan la'asar. In haka ne, yana da daga yanzu zuwa la'asar. In kuma yau ta saɓa, to abin da zai faru ya riga ya faru tun yana kasuwa yana raha da mutane.

A tasha motar Guri mutum uku ne a ciki, direban yana kwance a benci yana sakace. Nu'uman bai ko tsaya tambaya ba, ya tare ɗan acaɓa. Suka fita gari, suka miƙi hanya, ruwa kwance dama da hagu yana ƙyalli, shinkafa kore shar har iyakar gani. Duk wanda ya gan ta sai ya yi hamdala, shi kam ko kallonta bai yi ba. Umaima yake gani, 'yar shekara takwas mai wushirya, wadda in ta zo Haɗejiya take tsayawa a gefen teburinsa ta ce, "Baffa, ni yaushe?" shi kuma ya ce sai ta girma. Yana ganin Fatihu, wanda bai cika shekara biyu ba, mai manyan idanu irin na uwarsa, yana bin yayarsa duk inda ta sa ƙafa. Yaro in an auna shi da abin wasa ba ya kaucewa, dariya yake yi ya ƙara buɗe ido. Nu'uman ya san wannan fiye da kowa, ya ga yara dubu suna yi.

"Ƙara wuta," ya ce wa ɗan acaɓan.

"Baba, ramuka ne. Sauri ya haifi nawa."

"Na ce ka ƙara!"

Sun wuce Guri rana ta fara karkata. Daga nan hanyar ƙasa ce, kuma ba su yi nisa ba ta ƙare a cikin ruwa. Ambaliya ta shafe ta, sai kan wasu itatuwa da ke nuna inda take a da. A bakin ruwan kwale-kwale ɗaya ne, mai shi yana loda buhunan taki da wata akuya da ta ƙi shiga. Nu'uman ya roƙe shi su tafi yanzu, ya ce rai ne. Mutumin ya ce kowa ma da ransa yake tafe, a bari akuya ta shiga. Nu'uman da bai taɓa ɗaukar dabba ba tun yana saurayi ya sunkuci akuyar ya dire ta a ciki, ta sakar masa fitsari a riga, bai ko duba ba.

Tafiyar ruwan ita ta fi kowacce tsawo. Kachala, doguwar ciyawar nan da ta cinye hanyoyin ruwa, ta tsaya musu dama da hagu ta fi tsayin mutum, sai wani ɗan siririn lungu da masunta suka sare. Mai jirgin yana tura gora a hankali, jirgin ya tafi, ya maƙale, ya ja baya. Wani garken jan-baki ya taso daga gabas ya rufe sama kamar hayaƙi, daga nesa ana jin ihun masu kora da ƙarar gwangwani. Nu'uman ya bi su da kallo da baƙin ciki. Saboda waɗannan 'yan tsakin, da ko loma ɗaya ba su kai ba, ya karya abin da ya shekara tara yana tsarewa. Ya sa hannu a aljihu ya ji danshi, ashe tumatur ɗin yau ya fashe tun a kan babur.

Suna tsakiyar kachalar aka kira la'asar. Muryar ladanin ta biyo kan ruwa daga ƙauyen, a sarari, kusa ƙwarai, amma ba hanyar da mutum zai taka. Nu'uman ya amsa kiran sallar da baki, zuciyarsa kuwa tana ƙirga wani abu dabam: yanzu Auta ya fito daga gona, yanzu yana alwala, yanzu an tayar, raka'a huɗu, addu'a, gaisawa a ƙofar masallaci, sai gida. Ya roƙi Allah Ya sa liman ya ja doguwar sura, sannan ya tuna la'asar ce, ko ya ja ba ta da tsawon da yake nema. Ya ce, "Ya Allah, in ido ne za a karɓa yau, ga nawa." Mai jirgin ya waiwayo ya dube shi, ya ƙara wa gorar ƙarfi.

Jirgin bai gama tsayawa ba ya dira, ruwa har gwiwa, takalmi ɗaya ya zauna a taɓo ya bar shi nan. Ya ratsa ƙauyen da gudu, mutum mai shekara arba'in da huɗu, ana yi masa sannu da zuwa ba ya amsawa. Tun daga nesa ya jiyo kukan yaro daga gidan Auta, da muryoyin mata suna salati. A bakin zaure ya ga wani baƙin abu a ƙasa. Faifai ne na jarka mai huda uku, aikin hannunsa.  Sallamar da ya yi ko shi bai ji ta ba.

Auta yana zaune a tabarma a tsakar gida, ya danne gefen fuskarsa na hagu da jiƙaƙƙen tsumma, tsumman ya yi ja. Fatihu yana kan cinyarsa yana tsala ihu. Nu'uman bai gaishe da kowa ba, ya durƙusa ya kama fuskar yaron da hannu biyu. Ido biyu, cike da hawaye, duka lafiya lau, suna kallonsa da tsoro. Ya duba na dama, ya duba na hagu, ya sake dubawa. Sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Yaya?" in ji Auta. "Kai da wa? Ina takalminka?"

Halima ce ta ba da labari. Bayan salla ta kwance tsaraba, Umaima ta ga bindiga ta yi tsalle, ta ɗura faifai, ta ce za ta harbi Fatihu da ke kan cinyar babansu. Yaron yana ta dariya. Auta ya ji ƙarar da kunamar ta yi lokacin da ake jan ta, ƙarar da ba irin ta abin wasa ba, sai ya sunkuyo ya rufe yaron da kansa.

Auta ya ɗaga tsumman. Girar hagu ta tsage, fatar idon ta kumbura ta rufe mataccen idon ruf.

"Ba wata dabara ba ce," ya ce. "Sabo ne. Ƙaiƙayin shinkafa, hayaƙi, ƙugiya in ta ƙwace, duk abin da ya taso wannan gefen nake ba shi. Ba abin da ya rage a ciki da za a ɗauka."

"Laifina ne," in ji Nu'uman. "Ta korar tsuntsaye ce. Na ɓoye a kwallar Hajja, ban gaya mata ba. Na kasa gaya mata." Ya waiga. "Ina Umaima?"

Ba wanda ya lura da ita tun da abin ya faru. Nu'uman ne ya hango 'yan yatsun ƙafa a bayan rumbu, sun dunƙule a cikin ƙasa. Ba ta kuka da sauti, numfashi kawai take ja. Ya san wurin nan. Ya san yadda ake jin ana kiran sunanka ka kasa amsawa, ya san kuma shekara nawa mutum yake yi a ciki.

Wata maƙwabciya ta ce a ƙyale ta, tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa, kada a ƙara tayar da maganar ma a gabanta.

"A'a," in ji Auta. "An taɓa yin haka a gidanmu." Ya miƙa wa Halima yaron. "Umaima! Fito, uwata. Zo ki gani da idonki."

Da ƙyar ta fito, tana jan ƙafa. Ya kamo hannunta ya ɗora a kan kumburin, ta zabura, ya riƙe.

"Kin ji? Fata ce kawai, jibi ta warke. Idon nan ba ke kika kashe shi ba, ya daɗe da tafiya. Ina ƙarami, ban kai ki ba, Baffanki ya auna kurciya da danƙo, ni kuma na miƙe daga bayan kaba. Bai gan ni ba. Ke ma ba ki san bindigar tana da ƙarfi ba. Shi ke nan labarin, kin ji shi duka."

 Halima da ta shekara goma a gidan ba ta taɓa jin yadda aka yi ba, ta rufe baki da mayafi. Umaima ta juyo ta dubi Baffanta, riga jiƙe da taɓo da ruwan tumatur, ƙafa ɗaya ba takalmi, hawaye yana bin furfurar gemunsa. Sai a lokacin ta fashe da kuka mai sauti, ta faɗa jikin babanta.

Nu'uman ya lallaɓa ya hau tabarmar. Bai san ya yi ba, jiki ne da sabonsa, sai ga shi zaune a hagun ƙaninsa, daidai kumburin.

Auta ya juyo da kai gaba ɗaya, kamar yadda dole ya yi in zai dube shi, sannan ya gaji ya mayar. Ya daki tabarmar da tafin hannu a gefensa na dama.

"Zagayo nan, Yaya," ya ce. "Shekara talatin da uku kana zama inda ba na ganinka. Wuyana ya gaji."